Abin da na koya a bakin karofi

A Kano, in ka nufi marinar Ƙofar Mata, hancinka ne zai riga idonka isa. Warin karofi ba ya ɓuya: ga tsami, ga toka, ga ruɓaɓɓen ganye. Baƙo yakan toshe hanci, marini kuwa da wannan warin yake gane ko rijiyarsa tana lafiya. Marinan wurin suna cewa tun 1498 ake rini a nan, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannun tufafin garin suna kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Ni dai ba tarihi ya kai ni can ba. Mahaifiyata ce ta ga hutun makaranta yana neman mai da ni ɗan yawon unguwa, ta kama hannuna ta danƙa ni ga yayanta, wanda ya gaji rini wurin mahaifinsu. Wannan a ƙarshen shekarun 1980 ne, kuma daga nan kusan kowane hutu a gindin Kawu nake yinsa, har na gama sakandare.

Karofi rami ne mai zurfi, ya kai gaba biyu ko fiye, an shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. In za a haɗa sabo, sai a cika shi da ruwa, a zuba toka da busasshen baba da kanwa, a ƙara da katsi, wato lakar tsohon karofi da aka kwashe aka busar aka ƙone. Sai a kifa murfin ciyawa. Daga nan kuma sai jira, makonni ana jira, ba a tsoma ko ƙyalle.

Da farko na ɗauka wannan jiran hutu ne. Ashe a nan wahalar take. Kullum sai an buɗe an juya da muciya, doguwar sanda wadda ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, a taso abin da ya kwanta a ƙasa. Kawu zai durƙusa ya dubi kumfa, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya murza, wani lokaci har ya ɗanɗana a harshe ya tofar. Ran nan ya ce a ƙara toka, ran nan ya ce a bar shi haka. In hunturu ya kama, ramin yakan yi nawa, kai kuma ba yadda za ka yi da shi. Na taɓa tambayarsa yaushe zai nuna, sai ya ce, "Kai ɗan boko, ni ma tambayarsa nake kullum da safe." Ba gatse yake yi ba. Durƙuson nan da shinshinawar nan su ne tambayar.

Sai da na yi nisa a karatu na san abin da ke faruwa a ƙarƙashin kumfar. Shunin da ke cikin ganyen baba ba ya narkewa a ruwa. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ne ke cinye iskar da ke cikin ruwan, su juya shunin har ya narke ya iya shiga zare, kamar yadda ake barin kalwa ta ruɓa kafin ta zama daddawa. Toka da kanwa su ke ba ruwan kaifin da aikin yake bukata, sanyi kuwa yana rage wa halittun kuzari. Kawu bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ya san cewa ramin yana da rai, yana jin yunwa, yana gajiya, yana kuma mutuwa ya koma dagwalo in an yi sakaci da shi. A ganina wannan sanin ya fi nawa amfani, domin ni zan iya zana maka bayanin a allo, shi kuwa shi ke fitar da riga.

Ana cewa mahaƙurci mawadaci, kuma gaskiya ne, sai dai mun saba jin maganar kamar an ce a naɗe hannu a zauna. Marinin da ya naɗe hannu asarar baba da kanwa kawai zai yi. Haƙurin da na gani a marina shi ne ka san abin da ke hannunka ka yi shi kullum ba fashi, ka kuma san abin da ba ya hannunka ka daina yi masa ihu. Tun daga lokacin, duk sanda wani abu ya ɗauki lokaci a rayuwata, neman aiki ne ko jinyar mahaifi ko tarbiyyar yaro mai taurin kai, tambayar da nake fara yi wa kaina ita ce mene ne nawa na juyawa yau.

Tsomin kansa ma wani darasi ne. Yadi ba ya fitowa shuɗi daga karofi. Kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska a gaban idonka ya rikiɗe. Don haka jiƙa shi ka bar shi a ciki ba ya ƙara komai. Sai ka tsoma a hankali, ba tare da fantsama ba, ka ɗaga, ka matse, ka ware ya sha iska, ka sake mayarwa. Shuɗi mai haske ba ya cin lokaci sosai, amma baƙi wuluk irin na rawani yakan cinye sa'o'i, mutum yana zaune a kan ɗan dutse bayansa a lanƙwashe. Masu kaya da yawa ba sa gane wannan. Wani zai zo ana jibi biki ya ce shi baƙi yake so kuma yau yake so. Kawu ba ya musu da irin waɗannan. Yakan ce, "Alhaji, in yau kake so, ga irin shuɗin da za ka samu. In baƙi kake so, sai jibi da hantsi." Ya nuna masa ƙyalle biyu, ya bar shi ya zaɓa. Ban taɓa jin ya yi alkawarin abin da ramin ba zai bayar ba, ko da kuwa mai kayan zai kwashe kayansa ya tafi wani wuri. Da yawa sun tafi ɗin.

Abu guda da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne maganar ruwa. Marini yini yake cikin ruwa har gwiwar hannu, ga ramuka cike ta ko'ina, amma ba ɗigo ɗaya a cikinsu da zai yi alwala da shi. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da irin waɗannan abubuwa bai isar wa ibada ba. Saboda haka kowa yana da butarsa a gefe, nesa da bakin rami, an rufe bakinta da ɗan gwangwani. Cika butar Kawu shi ne aikina na farko kowace safiya, kuma in ya ga alamar shuɗi a cikinta sai na zubar na sake. Hannuwansa kuwa sun rine har abada, faratansa baƙaƙe. Wani ɗan makarantarmu da ya raka ni wata rana ya tambaye shi ko alwalarsa tana yi da wannan hannu. Na ji kunya kamar in nutse, amma Kawu bai ji haushi ba. Ya miƙa masa hannun ya ce ya kankara ya gani ko akwai abin da zai ɓantaro. Babu. Ya ce, "To launi ne, ɗana, kamar lallen uwarka. Abin da ke hana ruwa taɓa fata shi ake gudu."

Iyakar wa'azin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan, irin wannan gajeriyar amsa in an tambaya. Ɗan ɗarikar Tijjaniyya ne, ba ya barin laziminsa safe da yamma, ba ya fashin wazifa, ranar Juma'a bayan la'asar kuwa ba ka ganinsa a marina. A wurin aiki leɓensa ba ya tsayawa. Tsomawa da ɗagawa suna da wani kai-komo nasu, shi kuma ya ɗora istigfari da salati a kan wannan kai-komon, har ba ka sanin wanne ke jan wanne. In an kira azahar ana tsakiyar tsomi, sai ya matse yadin ya rataye shi a iska, domin dama iskar yake bukata, ya ɗauki buta. Na girma na zauna da mutanen da ke ganin ibada da sana'a kishiyoyi ne, dole a saci lokacin wannan a ba wancan. A wurin Kawu ban ga alamar wannan rigimar ba.

Rigimar da na gani ta wani fanni ce. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kuma a shekarun da nake magana zafin saɓani tsakaninta da 'yan ɗarika bai huce ba. Akwai gidajen da wa da ƙane suka daina gaisawa, akwai waɗanda suka daina bin juna salla, har da masu ƙin cin yankan juna. To mai ramin da ke jikin na Kawu ɗan Izala ne na gani-kashe-ni, matashi ne a kansa, mai kaset ɗin wa'azi a ƙaramar rediyo. Taku uku ne tsakaninsu, kuma haka za su yini. Kada wani ya zaci sun daidaita ne. Ba su taɓa daidaitawa ba. Shi yana cewa wazifa bidi'a ce a gaban Kawu, Kawu yana ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wani lokaci murya takan tashi har sauran marina su sa baki. Amma in kanwar ɗaya ta ƙare, a buhun ɗayan ake ɗiba. In ɗaya ya tafi jana'iza, ɗayan ne zai juya masa rami, domin rami ba ya jiran a gama zaman makoki. Da rana kuma ƙwarya ɗaya ta fura suke sha, ludayi yana zagayawa.

Na daɗe ina tunanin abin da ya riƙe su. Ba na jin wani karatu ne na zaman tare. Kowannensu ya ga ɗayan a wurin da mutum ba ya iya ɓoye halinsa: ya ga yadda yake auna yadin mutane, yadda yake biyan yaransa, yadda yake yi ranar da rami ya mutu masa da jarinsa a ciki. Wanda ka san shi haka, da wuya wani mai lasifika ya zo ya gaya maka ko shi wane ne. Yau muna zagin mutanen da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba a Facebook, kuma abin yana mana sauƙi ne don ba za mu bukaci kanwarsu gobe ba.

Zanen da ke jikin yadi kuwa ba a marina ake yinsa ba. A cikin gida ake yinsa, mata ke yi. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, takan zauna a tabarma bayan ta sauke tukunya, da farin yadi a cinyarta da zare da allura da ɗan kwanon tsakuwa. Ta tsunguli yadin ta ɗaure, ta sa tsakuwa ta naɗe, wani wurin ta yi ɗinki ta ja ya tattare. Duk inda zare ya matse, shuni ba zai shiga ba. Ba ta zana komai a takarda, ba ta kuma ganin abin da ta yi sai an rina an wanke an warware. A kanta take lissafin inda fari zai faɗa. Launi ɗaya tak gare ta, ita da duk matan unguwar, amma in an shanya kaya a marina za ka ji ana cewa wannan ɗaurin gidan wane ne, wancan na gidan wane. Har yau in na ji mai sana'a yana cewa rashin kayan aiki ne ya hana shi ƙirƙira, ina tausaya masa, don sau da yawa gaskiya yake faɗa, amma Inna takan faɗo mini a rai. Kuɗin ɗaurin da ake ba ta bai taka kara ya karya ba, kuma wanda zai sayi zanen a kanti bai san da ita ba. Wannan kam ban taɓa ganin adalcinsa ba.

Akwai wata fasahar da ba a nuna wa masu yawon buɗe ido. Bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu darajar naira ta faɗi, ɗinka sabuwar riga ya gagari magidanta da yawa. In salla ta matso, sai ka ga dattijo ya zo da magariba ta kusa, da ƙunshi a hammata: tsohuwar farar riga ce da ta koɗe ta yi jirwaye. Kawu zai karɓa ba tare da ya ware ta a gaban jama'a ba. A rina ta, a kai wa masu bugu su buge ta a kan gungume har ta ɗau ƙyalli, ranar idi mai ita ya fito tsaf a cikin sahu. An hana mu, mu yara, faɗin rigar wane ce, ko a gida.

Kada kuma a ɗauka Kawu mutum ne da ake takawa a wuce. Wani mai hali ya taɓa karɓar kaya masu yawa na bikin 'yarsa, biki ya wuce, kuɗi shiru. Duk yaron da aka aika sai a ce masa a gaya wa Malam ya yi haƙuri. Mun iya wannan sosai a ƙasar nan: wanda aka cuta shi ake ba haƙuri, wanda ya yi cutar kuwa ba mai ce masa komai, musamman in babbar riga gare shi. Kawu bai kai ƙara ba, bai kuma yi zagi ba. Sai ya mai da zauren mutumin wurin hutawarsa. In ya tashi daga aiki sai ya je ya yi sallama, a gaisa, ya nemi gefe ya zauna da carbinsa da shuɗayen hannuwansa, baƙin Alhaji suna shiga suna fita suna tambayar ko lafiya. Wani abokinsa ya ce masa ya bar wa Allah mana. Ya ce, "Ai Allah ya riga ya ba ni. Yana hannun Alhaji ne, karɓa nake zuwa." An biya shi, ba ko sisin da ya yi ciwon kai.

Sana'ar dai tana ja da baya tun kafin a haife ni. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, daga baya kuma rinin kemikal ya zo, wanda ake yi a cikin durom da ruwan zafi a gama cikin mintuna, kowane launi kake so. Sai yadin waje mai araha ya cika Kantin Kwari, masaƙun Kano da Kaduna suka yi ta rufewa. Ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun zama wurin zuba shara. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa har Agadas ya riƙe kasuwarsa fiye da sauran, don su ƙyallin nan da shunin da ke zuba a fata suke biya. 'Ya'yan Kawu biyu sun koma rinin shadda da kemikal, bai kuma hana su ba. Ya ce iyali ba sa cin tarihi. Sharaɗi ɗaya ya kafa musu: kada su sayar wa kowa rinin durom da sunan na baba.

A cikin masu kawo masa aiki akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo daga Sabon Gari, muna kiranta Madam. Takan kawo akoko a ɗaure mata a rina, ta ɗinka rigunan tebur da labule ta sayar. Hausarta ta kasuwa ce, kuma ba a taɓa gama ciniki da ita ba a yi gumi ba. A watan Oktoba na 1991, da rikici ya ɓarke a Kano kan zuwan mai wa'azin Kiristan nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, kayanta suna hannunmu, an rina an buge, saura ta zo ta ɗauka. An kashe mutane, an ƙona dukiya, mutanen Sabon Gari da yawa suka bar gari. Madam ba ta zo ba. Kawu ya aika a duba shagonta, aka tarar da shi a ƙone. Ya sa Inna ta ninke kayan ta zuba a adaka da kafur, aka tura ƙarƙashin gado. Da aka kwana biyu, kuɗi kuma suka yi wuya, wani ya ba shi shawara ya sayar ya fanshe wahalarsa, tunda ba a san ma ko tana raye ba. Ya ce kayan mutane ne. Maƙwabcin nan nasa ɗan Izala, wanda ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba, ya ce wannan kam gaskiyar Malam ce.

An fi shekara sai ga ta, ta rame, ta ce daga garinsu take. Suka gaisa, ya yi mata jaje, ta tambayi Inna da yara. Aka aike ni gida na ɗauko adakar a ka. Ta zauna a kan ɗan dutsen Kawu ta ƙirga kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta sake ƙirgawa, suka cika. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta share ido da gefen zane. Can sai ta zaro wani labule daga tsakiya ta ɗaga shi a rana.

"Baba, wannan bai yi baƙi ba. Sai ka rage mini."

"Madam, haka kika ce a yi shi."

"Ni ban ce ba."

"Kin ce. Yaro, ba kana nan ba?"

Na ce ina nan. Ta ce ai dama yaronsa ne, me zai ce. Suka yi ta ja har aka kira la'asar, ya tafi ya yi salla ya dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. Daga ƙarshe ya rage mata naira biyu, ita kuma ta buɗe jakarta ta fito da sabon akoko, ta ce ran Asabar za ta zo ɗauka. Ya ce Asabar ba za ta yiwu ba, sabon rami ne, sai dai ta leƙo ran Talata ta gani.